Ƙofar Baya a Gidan Ɗa'ifa

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, ni ban iya alƙalami ba, bakina ne zai faɗa.

Mun tashi da asuba daga Shisha, unguwarmu a Makka, ni da ɗana da matarsa da yayata. Motar da ɗana ya yi haya ɗaki ce guda mai ƙafafu, karafan suke ce mata: ga gado, ga murhu, ga makewayi. Saboda yayata aka ɗauko ta, don ba ta iya dogon zama. Tsufa ya ci tunaninta. Ni da muka fito ciki ɗaya, kullum sai ta dube ni ta ce da ni baiwar Allah, ta tambaye ni daga ina. Abin da ya fitar da mu ke nan: mu kai ta gidan da Innarmu ta yi wankau a Ɗa'ifa muna yara, ko Allah zai sa ta gane ni sau ɗaya kafin ɗayanmu ya tafi.

Muka bi ta Aziziyya shaguna ba su buɗe ba. Bayan Arfa ɗana ya tsaya ya nuna mana tsohuwar hanyar ruwa da mutanen dā suka gina da dutse don alhazai su sha. Ta bushe, amma tana nan kwance a gindin tsauni. Na yi wa maginanta addu'a. Yayata tana kallon rufin mota.

Hanyar Hada kuwa, mai hawa tsauni zuwa Ɗa'ifa, murɗe-murɗe ce, tukwane suna ta kaɗawa a cikin kabad. A wani lungu birai suka tare mu, ɗaya ya ɗauke burodin tamis daga hannun surukata ko godiya babu. A sama iska ta yi sanyi, masu rumman da inabi sun jera kwanduna, tsada kamar ba a gonar bayansu aka tsinko ba. Da rana muka ci saliƙ, shinkafar nan da madara wadda ta yi niyyar zama kunu ta fasa.

Gidan yana nan, bene a kan bene, da tagogin katako masu sassaƙa. Masu shi sun watse, yanzu 'yan kallo ke shiga. Ɗana ya gyara tsayuwa ya ce yau ta babbar ƙofa 'ya'yan mai wanki za su shiga, kansu a sama. Na ji daɗin maganar. Muka tura yayata a keken guragu ɗaki bayan ɗaki: falon baƙi, fitilun gilashi, matakalar marmara. Ina ta ce mata ta duba, gidanmu ne na dā. Ta ce gidan mutane ne, mu fita kada a same mu a ciki.

Na zauna a kan dakali. Can sai na lura ni ma ban san ɗakunan nan ba. Yaushe muka taɓa ganinsu? Mu ta baya muke shiga.

Na roƙi mai gadi, ya ce can ba wurin kallo ba ne, tarkace ne kawai, amma ya ɗauko makulli. Muka zaga ta wani siririn lungu zuwa wata ƙaramar ƙofa da sai ka sunkuya. Yayata ta sa hannu ta tsayar da keken da kanta. Ta tuɓe takalmanta, ta yi sallama da ƙarfi, irin wadda Inna ta koya mana. A ciki ga kwamin dutsen da ake wanki, ga ƙusoshin igiyar shanya sun yi tsatsa a bango. Na kai hannu cikin kwamin, busasshe ne. Sai na ji an kama mini wuyan hannu. Yayata ce.

"Auta, fitar da hannunki, ruwan nan da sanyi. Zo in goya ki, Inna ba ta gama ba."

Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni da sunan nan. Na durƙusa na kwantar da kaina a bayanta, ta riƙa jijjiga ni. Ɗana ya juya ya fuskanci bango.

Washegari muka gangaro ta hanyar Sail, muka ɗaura harami a miƙati, muka shiga Makka da Umra. Kafin mu kai Shisha na koma baiwar Allah a wurinta, ban kuma damu ba. Na dai gane mutum ba ya tuna gida sai ta ƙofar da ya saba shiga.

Ɗana ya mayar da motar, ya daina maganar babbar ƙofa. Surukata har yau ba ta yafe wa birin nan ba. Yayata ta rasu kafin azumi, aka yi mata salla a Harami. Allah ya jiƙanta. Ni kuwa ga ni nan, ba sauran mai ce mini Auta a duniya, amma an kira ni, na kuma amsa.