Iro Kashe-Ciniki Ya Yi Shiru

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Iro ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ƙofar gida ina wanke tayar mota. Waya ta yi ƙara, na ga lambarsa ce, ko sallama ban yi ba na ce, "Kashe-ciniki, kana dai tune da alkawarin jiya ko?"

Sai na ji muryar ƙanensa. Ya ce Yaya ya dawo daga sallar asuba yana cewa ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa.

Na daɗe a tsugune da soso a hannu, kumfa na gangarowa cikin hannun rigata.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Iro bakanike ne kuma dillalin motoci, garejinsa na ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin hanyar fita gari. Abokina ne tun muna yara. Kuma duk faɗin Funtua babu wanda ya kai shi ɓata min rai. Ni na raɗa masa Kashe-ciniki, ya kuma amsa sunan kamar an naɗa masa sarauta.

Ku da ba manoma ba, bari in fahimtar da ku. Mu nan mota da masara igiya ɗaya ta ɗaure su. Da kaka mu sayar da amfani, kai ya ɗau zafi, mu sayi mota lokacin da ta fi tsada. Ruwa na sauka, kuɗin taki ya taso, mu maida ita kasuwa lokacin da kowa ke sayar da tasa. Shekara da shekaru Iro na faɗa min mai hankali da damina yake sayen mota, sa'ad da irinmu ke kuka. Ban taɓa ji ba. Shi ya sa yake kirana Alhajin kaka, don ya san alhazancin nawa ba ya kaiwa bazara.

Motar da nake da ita yanzu a bayan idonsa na saya, saboda na san in na tafi da shi ba zan dawo da komai ba sai nasiha. Na tarar an wanke ta tana walƙiya, injin da ɗuminsa, ana murɗa makulli ta tashi. Mai ita ya dafa ƙirji ya ce min kalmar nan da duk mai sayar da mota ya haddace: "Wannan sai mai." Wato ba ta neman komai, ka zuba fetur ka kama hanya.

Na shigo garejin Iro ina danna hon kamar ɗaukar amarya.

Bai ce Allah ya sa alheri ba tukuna. Ya je ya ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika, ya manna a ƙofar baya. Abu ya faɗo ƙasa. Ya sake mannawa a gefen but, ya sake faɗowa. Ya dube ni ya ce ba ƙarfe na sayo ba, tuwon fila ne, irin na cike lotsewar mota, aka shafa wa fenti. Sannan ya tambaye ni ko da ɗumi na tarar da ita. Na ce eh. Ya ce mota irin mutum ce, in kana son sanin halinta ka same ta da sassafe ba ta karya ba.

Washegari da safe na gane karatun. Daga ranar yarana suka sa mata suna Ataimaka, saboda abin da maƙwabta ke fara ji daga bakina ke nan kowace safiya.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ba don Iro ba da tuni kaji na ƙwai a cikinta.

Bai taɓa barina na sayi sabon kaya ba matuƙar na kwance zai yi. Shi zai hau mashin ɗinsa ya bi 'yan kwance rumfa rumfa, ya ɗaga wannan ya jijjiga wancan, ya yi musu har su gaji su sallama. Wani lokacin ma ya ce kada a saya, a wanke tsohon a mayar. In na ce ya yi min aiki irin na manya, ya ce in fara kawo aljihu irin na manya.

Faɗanmu na kullum juye ne. Ya ce canza baƙin mai a kan lokaci ya fi sayen inji sauƙi, ni kuma in ce ai man bai ƙare ba, ga shi nan baƙi ƙirin yana aikinsa. Akwai wata fitila da ta kama a gaban sitiyari da rubutun Turanci. Ni bokona a aji biyu na sakandare ya yi faci, na dai gane kalmar farko, cek. Na ce wa maman yara ga shi har mota ta san ana bina da alheri daga banki. Da fitilar ta dame ni da dare sai na manna mata sitikar addu'ar hawa abin hawa. Ranar da Iro ya ɓanɓare sitikar ya ga abin da ke ƙasa, sai da ya zauna a kan taya ya riƙe kai. Ya ce addu'a gaskiya ce, amma ba a toshe bakin majiyyaci da ita.

Ba zan manta da hanyar Maska ba. Mun taso daga suna ni da maman yara da ƙananan, hadari ya haɗo, Ataimaka ta yi tari ta mutu a inda ba gida gaba ba gida baya. Na kira shi. Zagina ya fara yi tun a waya, bai gama ba sai ga shi a kan mashin cikin ruwa, da ledar burodi a cikin riga. Ya miƙa wa yara burodin, ya shige ƙarƙashin mota cikin taɓo ya ci gaba da zagin daga inda ya tsaya. Har yau in ƙaramar 'yata ta ga burodi mai yanka-yanka, burodin Baba Iro take ce masa.

To bana abin ya zo wuya. Masarata ta fito, ta fara ɗaukar ruwan ɗorawa, taki take nema, ni kuwa abin da na mallaka mai daraja Ataimaka ce kaɗai. In ban sayar da ita cikin kwanakin nan ba, gonar ta tafi, abincin gidana na shekara ya bi ta.

Za ku ce me ya hana ni zuwa wurin wani dillalin. Na je. Matsalar ita ce duk garin nan an san inda Ataimaka ke kwana in ta yi rashin lafiya. Kowa ya gani ya yaba, sai ya ce bari ya ji ta bakin Malam Iro. Shi ke nan an gama.

Dole na maida ita garejin Iro. Wani mai saye ya zo har ya shiga ya zauna yana gyara madubi, yana tambayar ko rediyon na kama tashoshin waje. Iro na can yana wanke fulogi, bai ko ɗago kai ba ya ce a tambaye ni me jarkar ruwa ke yi a but. Mutumin ya fito a hankali ya ce zai yi shawara da iyali. Ina jin har yanzu shawarar suke yi.

Wani kuma kai tsaye ya tambaye shi, "Malam, sai mai?"

Iro ya ce, "Sai mai, sai ruwa, sai haƙuri, sai majiya ƙarfi a unguwa."

Jama'a, dillalina ke nan. Wanda ni na kawo wa motar. Na ce masa a duniya ban taɓa ganin mai tallan fura yana cewa nonon ya kwana ba. Ya ce shi ma bai taɓa ganin wanda aka cuta da kaka yana neman wanda zai rama a kansa da damina ba sai ni. Tsawon zamana da shi ban taɓa jin "sai mai" ta fito daga bakinsa ita kaɗai ba, ko da motar jiya ta sauko daga Kwatano.

Jiya bayan la'asar na same shi a gareji yana shan rake. Ya ce akwai wani Malam Lawal mai injin casar masara daga Ƙarfi, zai zo yau da hantsi ya ga motar. Ni ban san mutumin ba, ban taɓa ganinsa ba. Na zauna kusa da shi na kwantar da murya yadda ban taɓa yi masa ba. Na tuna masa gonar, na tuna masa yaran da yake saya wa burodi. Na ce, "Iro, ban ce ka yi ƙarya ba. Shiru kawai nake roƙo. Gobe ɗaya tak."

Ya tofar da ɓawon rake, ya yi wata 'yar dariya da ban gane kanta ba a lokacin. Ya ce, "To Alhajin kaka, na ji. Gobe ba za ka ji bakina ba."

Har na ce masa Allah ya yi albarka. Ya miƙo min guntun rake na tafi.

Ba irin wannan shirun na ce ba, Iro.

Da Ataimaka na kwashi dattawan unguwarsu zuwa maƙabarta. Ta kai mu lafiya, kamar ta san wa za a raka. Aka sa shi a makwancinsa, aka yi addu'a, muka fito. Na murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba.

Ga jama'a cike da bakin maƙabarta, ga tsofaffi a zaune cikin mota suna jira, ga ni ido ya kumbura. Na leƙo ta taga na faɗi abin da na saba faɗa. Mutane suka taso suka kama turi.

Sai wani dogo mai shuɗiyar riga daga cikin masu turin ya ce a dakata. Ya ce in buɗe bonet. Ya duƙa ya ɗauki dutse, ya ƙwanƙwasa kan batir na hagu, ya ce in gwada. Ta tashi.

Na fito ina godiya, bakina har ya ɗauko "yau ta fara wannan hali", don ya saba. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce shi ne Lawal na Ƙarfi. Ya zo gareji kamar yadda aka yi da shi, ya tarar a rufe, aka faɗa masa, ya biyo jana'iza.

Na ce a raina shi ke nan, taki ya tafi. Mai saye ya tura da hannunsa, me ya rage.

Ya ce kada in damu, ya san da zancen kan batir. Ya san lagireto na ɗiga, ya san ƙofar baya fila ce, ya san giya ta biyu sai an lallashe ta. Ashe shekaranjiya Iro ya hau mashin takanas har Ƙarfi, ya zauna a gindin injin casarsa, ya zayyana masa komai, da abin da za a gyara yanzu da wanda zai iya jiran kaka, da rumfar da zai sami kowane kaya da sauƙi. Ya kuma gaya masa injin lafiyayye ne, shi ya riƙe shi da hannunsa, kuma mai motar na da gona tana jira, kada ya ja ciniki.

Kun ji fa. Lokacin da nake zaune ina marairaicewa yana shan rake, ya riga ya gama zuba tun shekaranjiya. Shi ya sa alkawarin bai yi masa tsada ba.

Malam Lawal ya ce akwai saura guda, amma yana jin nauyi. Na ce ya faɗa, yau babu abin da zai ƙara min.

Ya ce, "Marigayi ya ce babban ciwonta mai ita ne, ba ya juye. Ya ce ranar da na saya ta warke da wannan."

Allah ya yafe min, a ƙofar maƙabarta dariya ta kuɓuce min. Daga nan kuma ta juye ta zama abin da ya sa sai da wani ya karɓi tuƙin.

Malam Lawal dai ya ce yana son motar. Ya gwammace wadda aka faɗa masa ciwonta da wadda za a ce masa sai mai. Mun ajiye magana sai bayan addu'ar uku. In Allah ya yarda masara za ta ci taki.

Abin da ke cina ke nan tun ɗazu. Duk wankin taya da na yi, duk shirin da na yi na tayar da ita tun da wuri don a same ta da ɗumi, babu wanda ya sayar da motar nan sai mutumin da ya kore min kowa. Kuma ya tafi bai tsaya na ce masa komai ba. Ga kaka na zuwa, na san kaina, zan ga wata tana walƙiya. Wa zai ciro maganaɗisu?

Na zauna ina lissafi, mutumin da bai taɓa rufa wa mota asiri ba, ban taɓa jin ya tona na mutum ba. Ya san nawa da yawa, waɗanda suka fi rashin juye nauyi, ya tafi da su cikin ƙasa.

Ya Allah, ga bawanka Iro ya zo. Ranar da za a buɗe bonet ɗin kowa, Ka rufa masa asiri. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka dafa wa iyalinsa, Ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ku kuwa da ya hana sayen Ataimaka, kun san kanku, taku sai ta fi ta kowa tsawo.