Gidan Taliyar Yaya

Yayana ya yi shekara takwas a kicin ɗin wani kamfanin gine-gine na 'yan Italiya a garin Yanbu na Saudiyya. Da yankan albasa ya fara, ya ƙare shi ke riƙe wuta idan tsohon kukunsu ya tafi hutu. Da kamfanin ya tattara nasa ya nasa a farkon shekarun casa'in, sai Yaya ya dawo Madina da tukwane biyu da wata wuƙa da ba ya bari kowa ya taɓa, ya ce zai buɗe gidan abincin Italiya.

Hajiya, mahaifiyarmu, tana tsince shinkafa ya gaya mata.

"Me suke ci a can?" ta ce.

"Makarona, Hajiya."

"Taliya dai?"

"Iri-iri ce."

"To. Kakarku ma da hannu take murza ta tun a Kano, ba wanda ya buɗe mata shago. Allah ya sa albarka."

Ya kama shago a unguwar Sih, tsakanin mai facin taya da mai wanki da guga. Tebur huɗu ne. Ni ina koyarwa a firamare da safe, bayan la'asar in zo in riƙa kai wa mutane abinci. A watan farko yawanci dawo da shi nake yi. Wani dattijo direban bas ya tura mini farantinsa ya ce, "Ya ustaz, tambayi ɗan'uwanka, gas ne ya ƙare masa? Wannan ba ta dahu ba."

Yaya ya leƙo daga kicin. "Haka ake cin ta, Baba."

"A ina?"

"A Italiya."

"To nan Sih ne."

Yaya bai ƙara wa taliyar ko minti ɗaya ba. Washegari dattijon ya dawo, ya cinye, ya sake cewa ba ta dahu ba. Haka ya yi ta yi shekara goma sha ɗaya, har Allah ya yi masa rasuwa.

Ɗaliban jami'a ne suka fara yayata mu, sai ma'aikatan asibiti, sai masu iyali. Da mai wanki ya tashi muka fasa bangon, muka sa labule don mata. Yaya ya ɗauki wani bawan Allah mutumin Maraɗi, magidanci marar yawan magana, wanda aikin wanke-wanke aka rubuta masa a iƙama, takardar izinin zama. Ba a yi shekara ba ya koma gaban murhu.

Bayan shekara ta dubu biyu muka koma unguwar Ranuna, gida mai bene, ana jiran layi ranar Alhamis. Wata jarida ta rubuta cewa duk wanda ya ɗanɗana ya san hannun ɗan Italiya ne a kicin. Yaya ya yanke shafin ya sa a gilashi ya rataye. A kicin kuwa Hausa ake yi, ana zagin juna da Larabci. Ɗan Italiya bai taɓa taka wurin ba, tunda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga haramin Madina.

Ana nan sai tsohon kukun nan ɗan Italiya ya bugo waya. Ya zo Yanbu ganin ɗansa, ya ji labari, yana son ya ci. Muka loda tukunyar gas da ruwa da tukwane a mota, da ni da Yaya da mutumin Maraɗi, muka wuce allon iyakar harami muka tsaya a inuwar wani gidan mai. Can muka same shi, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Suka rungumi juna da Yaya.

Yaya ya dafa a bayan mota. Tsohon ya ci loma uku a kan murfin injin, ya gyaɗa kai, ya ce da guntun Larabcinsa, "Mazbut," wato daidai. Sai ya hango mutumin Maraɗi a tsugune gefe yana cin tasa taliyar da miyar da yake yi wa 'yan kicin. Ya taka ya sa cokali ba tare da neman izini ba. Bai ɗago ba sai da kwanon ya koma fes.

"Me ka sa a ciki?"

Mutumin Maraɗi ya dubi Yaya tukuna, sannan ya ce, "Daddawa kaɗan. Da citta."

Tsohon ya nemi a ƙulla masa daddawar a leda. Ba mu zo da ita ba, sai daga baya muka aika masa.

Muka kamo hanyar komowa. Sai da muka iso unguwar Ƙuba Yaya ya ce wa mutumin Maraɗi, ba tare da ya waiwaya ba, "Yaya ake auna daddawar?"

Bayan mako ɗaya miyar ta shiga jerin abincinmu da wani dogon sunan Italiyanci da Yaya ya ƙirƙira. Ita aka fi saya har yau. Da muka buɗe reshe a unguwar Jurf, mutumin Maraɗi aka ba kicin ɗin. Yaya yakan yaba miyar ga baƙi, amma ban taɓa ganin ya ci ta a gabana ba.