Dattijo da Sifilinsa

A ofishin Dattijo ake kiransa, kuma ba don girmamawa ba. Shi ya rubuta tsohuwar manhajar da ke sarrafa injin buga katin shaida, da yaren kwamfuta na C, tun wasu ma'aikatan suna rarrafe. Ko manaja bai isa ya taɓa masa layi ɗaya ba. Teburinsa na lungu, jikin injin, ya ba kowa ƙeya. Gaisuwa ma da hanci yake amsa ta.

Sai aka ɗauki mijin ƙanwarsa aiki, wani mai yawan dariya da ake ce wa Dogo, aka sa shi rubuta sabuwar manhajar da za ta riƙa miƙa wa ta Dattijo sunaye. Dama can jininsu bai haɗu ba.

Katunan farko suka fito kowane suna da jela: bayan sunan mutum sai tarkacen haruffa, wani har da guntun sunan wani.

"Yaya, manhajarka ba ta san inda za ta tsaya ba," in ji Dogo.

"Ni ba yayanka ba ne a nan. Tawa tana karanta haruffa ne har ta ci karo da sifili. Ka turo suna ba sifili a ƙarshe, dole ta zarce cikin abin da ba nata ba. Uban wa ya koya maka aiki?"

Dogo ya haɗiye, ya ƙara sifilin, sunaye suka gyaru.

Da aka fara sa hoto a katunan, sabuwar rigima ta tashi. Fuskoki suka riƙa fitowa goshi ba haɓa. Hoto jerin lambobi ne, sifili birjik a cikinsa, manhajar Dattijo kuwa a sifilin farko take cin birki.

Dogo ya ce, "To, yanzu laifin wa? Ka bari in riƙa faɗa mata tsawon hoton, ta daina farautar sifili."

"Sai bayan raina!"

Manaja ya gaji, ya ba Dogo izini, ya gyara manhajar Dattijo a gaban kowa. Dattijo ya miƙe. Ya cire fankarsa, ya ɗauki kofinsa, ya fice, ya bar aikin. Ƙanwarsa ta je ba shi haƙuri, ta bayan ƙofa ya sallame ta.

Yanzu gyaran kwamfuta yake yi a ɗakinsa na waje. In 'ya'yan Dogo suka zo gaishe shi, yakan ba su wurin zama, ya ƙare musu kallo, sannan ya ce, "Ubanku na can yana ɓata aikin mutane ko?"