Kwamfutar da Muka Haɗa Ni da Yayana

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Madani na koma ƙauyenmu kusa da Kamlin ba ni da na'urar kirki. Tsohuwar laftof ɗina, da na buɗe manhajar rubuta furogiram sai ta kama huci, ta yi zafin da ba ta ɗoruwa a cinya. Yayana direban tarakta ne. Da damina yana can gonakin Dindir, da rani yana gida yana taya Baba aiki a hawasharmu, gonarmu ta bakin tur'ar da ke kawo ruwan noma. A Dindir ɗin ya ga wani wasan kwamfuta na tuƙa manyan motoci a shagon wani mutum, ya dawo ba shi da zance sai nasa.

Shi ya kawo shawarar mu haɗa abin da muke da shi mu sayi kayan kwamfuta guda ɗaya, in harhaɗa ta da hannuna, ni in yi aiki, shi ya yi wasa. Abin hannunmu ba yawa, don haka kowane yanki sai da muka ja zance a kansa. Inda muka fi daɗewa shi ne bod, babban allon nan da ake dasa komai a kansa. Kowane bod yana da cifset, ɗan ƙanƙanin abin da ke yanke iya kayan da allon zai ɗauka. Hawa uku muka samu, akwai na ƙasa, da na tsakiya, da na sama.

Na sama bai ɗauke mu lokaci ba. An yi shi ne don masu tilasta wa furosesa gudu fiye da ƙa'ida, mu kuwa ɗakinmu da rana ko mutum da ƙyar yake zama. Rigimar tana tsakanin sauran biyun.

Wata safiya muna ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidanmu, Inna tana soya bunni, 'ya'yan gahawa, za ta dafa jabana, Yaya ya ce, "Ɗauki na ƙasa kawai. Abin da ya ragu mu zuba a katin hoto, shi ke fito da hoton wasa. Wa ke ganin bod in an rufe akwati?"

Na ce, "Yaya, masu arhan da na gani duk ramin ram biyu gare su. Aikina ram yake ci, nan kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Baɗi in na buƙaci ƙari, sai dai in cire tsoho in ajiye."

"To mi za ya hana? Baɗi mai zuwa ce."

Inna ta miƙo masa finjali ta ce mu sha kafin ya huce, ita dai ba ta ga abin faɗa a kan allon da ba a wankewa a sha ba.

Muka hau bas zuwa Madani ba mu daidaita ba. Mai shagon da muka shiga wani dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya fito da alluna biyu ya jera a kan tebur. Na juya na tsakiyar ina nuna wa Yaya ramuka huɗu na ram, da gurbi biyu na faifan ajiya mai sauri, da 'yan ƙarafan da ke shanye zafi a gefen furosesa. Ɗayan allon wurin nan tsirara yake. Yaya ya sa yatsa ya taɓa ƙarfen. Mutumin da ya sha tsayawa tsakiyar gona yana jiran injin ya huce, wannan ya shige shi fiye da duk bayanina na ram.

Ya dubi mai shagon ya tambaya da Larabci ko akwai katin hoto na hannu. Dattijon ya ce akwai ɗaya, wani ɗalibi ya kawo, ya kunna mana shi muka gani da idonmu. Haka muka tashi da bod na tsakiya da tsohon kati. Yaya ya rungumo kwalin a cinyarsa har gida, bai yarda an ɗora shi saman bas ba.

Na shimfiɗa tabarma na haɗa ta bayan azahar. Ina zaunar da furosesa, shi kuma yana tsugune yana miƙo mini sukurdireba. Da na danna maɓalli fanka ta juya, allo ya kawo haske, ya ce, "Tamam," ya fita ya gaya wa Baba.

Rabon ya zo da sauƙi. Safiya tawa ce, in dai akwai kahraba, wato wutar lantarki. A kanta na rubuta wata 'yar manhaja da wani mai kantin magani a Kamlin ya yi amfani da ita, kuma da ladan aikin na cike sauran ramukan ram ɗin ba tare da na cire komai ba. Bayan la'asar ta Yaya ce. Tsohon katin ba ya ɗaukar hoto mai kyau sosai, sai ya rage ƙyallin wasan ya ci gaba da tuƙinsa, bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Baba ne abin ya daɗe yana ba mamaki. Yakan tsaya bakin ƙofa da carbi, ya ce mutum ya kwashe damina yana tuƙi, ya zo hutu kuma ya zauna tuƙi. Rannan Yaya ya tashi ya ba shi kujerar. Baba ya tattare jallabiyarsa ya zauna, aka nuna masa inda zai danna. Bai yi nisa ba ya zura motar cikin rami, tirela ta kife. Ya gyara zama ya ce, "A tashe ta, hanyar ce ba ta da kyau." Aka tashe ta, ya ci gaba a hankali a gefen titi, motoci suna ta wuce shi, har aka kira magariba.