Gahawata da Raiɗoren Yaya

Ni dai a bar ni da gahawata. Tun ina koyarwa a firamare a Kebbe na koyi shanta wajen wani mai shayi a bakin tasha, har na yi ritaya na dawo gida Tambuwal ba mu rabu ba. Da na dawo masallaci da asuba uwargida ta tafasa ruwa, in zuba garin a kofi, sukari kaɗan, ba madara. Ƙamshin nan kaɗai, wallahi, ya isa in yafe wa duk wanda ya ɓata mini rai jiya.

Sai tsada ta shigo. Duk ranar kasuwa mai kanti ya tare ni da murmushin nan na ba laifina ba ne, in san an ƙara. Na bar sayen gwangwani na koma 'yan ƙananan leda, har ledar ma na riƙa raba ta kwana biyu. Uwargida ta sa ni gaba.

"Malam, wanga abu mai ɗacin tsiya! Mi ya hana ka sha kunu kamar kowa? Fansho fa ba ƙaruwa yake ba."

Gaskiyarta, shi ya sa ma na ji haushi.

Ashe ta kai ƙarata wajen yayata da ke aure a Kebbe, wadda ta goya ni. Sai ga Yaya a bayan babur da ƙullin baƙin gari. 'Ya'yan raiɗore ne ta tsinko a bayan gari, ta soya, ta daka da hannunta.

"Ga gahawarka nan, Allah ya shuka ta kyauta. Ka daina wahal da yarinyar mutane."

Wa ya isa ya mai da kyautar Yaya? Ta tsaya a kaina na kurɓa. Kai! Ƙonannen wake ne kawai aka jiƙa. Na haɗiye, na ce, "Madalla, Yaya," har da alkawarin na bar ta kanti.

Na cika alkawari kuwa, safiyata ta koma salam. Amma abin mamaki, ba ni na fi jigata ba. Uwargida ce ta riƙa ɗaure goshi tamau da kallabi, tana faɗa da kaji, rannan har gishiri ta zuba wa miya sau biyu.

Wata safiya sai ta shigo da faranti, kofi biyu a kai. Tun daga ƙofa hancina ya gane ta gaske ce.

"Ina kika samo?"

"Kazata na sayar."

"Ke da kika ce ɗacin tsiya?"

Ta kau da kai. "To, shekara da shekaru kana rage mini a gindin kofi, ka zaci zubarwa nika yi?"

Mu haka aka tarbiyyantar da mu, magidanci ba ya suɗe kwano, sai ya bar wa iyali saura. Ni da na ɗauka a magudana take ƙarewa! Ashe kwanakin nan ciwo ɗaya muke yi, kowa na ɓoye wa ɗan uwansa.

Na yi dariya har da tari. Daɗin da na ji ranar ya fi na gahawar kanta.

"Malam, rage murya, kar labari ya kai Kebbe," in ji ta. Ta turo mini kofi ɗaya, ta ɗauki wanda ya fi cika.