Sandar da Olindo Ya Ƙi Saukewa

Ranar sha ɗaya ga Agusta, shekara uku bayan yaƙi, gari ya ɗau zafi tun safe, ko ganye ba ya motsi. Da rana ta karkata sai hadari ya taso daga bayan dutse, baƙi wuluk. Aka ruga aka hau kaɗa ƙararrawar coci don a kori ƙanƙara, kamar yadda aka gada. Ba ta koru ba. Cikin abin da bai kai dafuwar taliya ba, ta kakkarya rabin inabin ƙauyen Montalo.

Kafin ta narke an riga an sami mai laifi, wato Olindo Gualandi.

Olindo manomi ne kamar kowa, sai dai shekara huɗu ya yi yana goyon akwatin oba-oba a soja, da ya dawo kuma hannunsa ya ƙi zama. Ya tsinto tarkacen motocin yaƙi da aka yasar a kwari, ya harhaɗa na'urar aika magana ta iska. Da wilin keke da gwangwanaye ya yi fanka, iska na juya ta tana cika masa batir. Sannan ya kafa doguwar sanda bisa rufinsa, ya ja waya daga kanta zuwa wata tsohuwar bishiya. Duk wannan saboda ƙanensa Ermete ne, wanda ya tafi Ajantina. Wani mai irin na'urar a can yakan kira Ermete gidansa ran Lahadi, 'yan'uwan su gaisa cikin ƙara da shuu.

Tullio, wan matarsa, shi ya jagoranci mutane zuwa ƙofar gidan.

"Kai, mai hira da iska! Fito ka ga aikinka."

Olindo ya fito yana goge hannu. "Wane aikin, Yaya?"

"Tun kakanni ƙararrawa ke korar ƙanƙara. Bana ka shimfiɗa mata waya, ta biyo ta sauko mana."

"To wadda ta kashe jakin babanku tun ina goye fa? Wayar wa ta biyo?"

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, Tullio ya juya ya harare su.

Olindo ya ce, "Ɗan lardin nan namu ne ya fara jefa magana ta iska har ta haye teku. Duniya ta cire masa hula, mu kuma ga mu muna tsoron igiya."

"Shi ba a kan inabinmu ya rataya tasa ba. Ka sauke sandar nan kafin tsinka. In ba haka ba, ba kwandon da zai shiga gonarka."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Montalo gayya ake yi wa inabi, yau gonar wannan, gobe ta wancan, don in ya nuna ba ya jira. Wanda aka ƙaurace wa, ruwan kaka zai riske shi da 'ya'ya a reshe.

Olindo ya ɗaga kai ya dubi sandar, ya daɗe. Ya ce, "Tana nan."

Matarsa Dirce ta leƙo ta taga. "Yaya, in ka gama wa'azin, ɗaga ƙafarka daga kan tumatirina."

Da lokacin tsinka ya zo, gayya ta bi gona-gona da waƙa, ta tsallake tasu. Su biyu suka shiga da almakashi. Kwana goma sha ɗaya suna yi, bayansu kamar zai tsinke. Dirce takan miƙe ta dafe ƙugu ta ce, "Sarkin dabara, ba ka ƙera mai tsinkar inabi ba?" Shi kuwa sai ya miƙa mata wani kwandon. A kwana na takwas ruwa ya sauko, yawancin abin da ya rage a reshe ya ruɓe. Giyarsu ta shekarar ba ta kai su bikin Ista ba.

Haka suka yi kaka uku. Bai je ya roƙi kowa ba, bai kuma fasa gaida kowa a hanya ba. A ta huɗu Tullio ya shigo gonar da kwandonsa, ya kama layi. Sauran suka biyo shi ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Olindo ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya. Yana kwance a maƙabartar Montalo, layi na biyu daga ƙofa, kusa da Dirce.