Bappa Usmanu da ragowar maganin mamaci

Shekara shida ke nan, jama'a, shida, da muka kai Bappa Usmanu makwancinsa, amma wallahi makon jiya a unguwarmu Barunde, nan Gombe, sai da na ji muryarsa a kunnena. Bari ku ji.

Zaman makokin maƙwabcinmu ake yi, mata cike da tsakar gida. Can sai matar marigayin, Hajiya Altine, ta fito da baƙar leda. Ragowar magungunan mijinta ne, har da allurar ciwon suga da na sha gani a kan tagar ɗakinsa rana na dukanta. Ta miƙa wa Goggo Dije, wata tsohuwa a layinmu da ita ma ke fama da suga. "Karɓi, Goggo, ciwonku ɗaya. Allah ya kai masa ladan." Goggo ta sa hannu biyu ta karɓa. Ni kuwa a nan muryar Bappa ta dawo mini.

Bappa ƙanin mahaifina ne, kemis ɗinsa kaɗai ne a ƙauyenmu. Ɗan ɗaki guda, amma ya yi masa silin saboda zafin kwano, kwalin magani ba ya taɓa ƙasa. A can al'ada ce, in an yi addu'ar bakwai, a kwaso ragowar maganin mamaci a kawo kemis a ce a ba mabuƙata. Bappa bai taɓa korar kowa ba. Zai karɓa, ya yi wa mamacin addu'a, ya sa ledar a kwalin da yake kaiwa asibiti a lalata. Sannan ya ciro sabo daga kanta ya ajiye da sunan mamacin, sai mabuƙacin da ya zo da takardar likita zai ba.

Wata mai takaba ta taɓa ce masa, "Malam Usmanu, namu ɗin me ya yi?" Ya ce, "Inna, ban san inda ya kwana ba, ban san jikin da zai shiga ba. Ba a yi wa mamaci sadaka da ran mai rai."

Ni tela ce, ban yi karatun lafiya ba. Amma tun rasuwarsa takardar cikin kwalin magani ba ta wuce ni, sai na karanta, in na maƙale in duba waya. A nan na gano zafi na kashe allurar suga, kuma awon kowa daban! Nakan ce da Bappa zai leƙo Gombe yau, firjin sola a kemis zai burge shi. Maganin da ake turawa a baro cikin rana a tasha kuwa, ban san me zai ce ba. 

To yaya yarinya za ta karɓe sadaka a gaban mai takaba? Sai da Goggo ta tashi na bi ta soro. "Goggo, kawo in riƙe miki." Ta harare ni. "Ke 'yar nan, daga keken ɗinki kin koma likita?" Na yi ta lallashi har ta yarda washegari mu je asibiti da ledar. Ma'aikaciyar ta ce Goggo ƙwaya take sha, da ta yi wannan allurar suganta na iya faɗuwa ta suma, ga ta ita kaɗai a ɗaki. Garin neman gira a rasa ido ke nan. A can muka bar ledar.

Hajiya Altine ta ji labari. Har yau da gyaɗa kai kawai take amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba, lada ta nema wa mijinta.

Kemis ɗin Bappa yanzu shagon cajin waya ne, ko allon sunansa babu. Abin da ya rage a hannuna rabin halinsa ne: na koyi hanawa, ban koyi yadda yake sallamar mutum zuciyarsa fes ba. Allah ya jiƙan Bappa.

Ku fa, in an yi rasuwa a gidajenku, ina ragowar magani ke zuwa? Kuma wanda ya taɓa hanawa bai ɓata zumunci ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi, don layinmu ɗaya da Hajiya Altine.